Yadda ake shirya hutun sati ɗaya a jirgin ruwa tsakanin tsibiran Gocek na Turkiyya a lokacin kaka

Toh jama'a, tunda tambayar nan ta ƙi ƙarewa, wai ya ake ɗaukar hayar jirgin ruwa a yi sati guda ana yawo tsakanin tsibirai, nawa ake kashewa, sai mutum ya iya tuƙi ne, sai ya iya iyo ne, bari in zauna in jero muku shi daki-daki. Wurin da zan yi magana a kai shi ne gaɓar Gocek (ana furta shi Gojek) da Fethiye, a lardin Mugla, kudu maso yammacin Turkiyya, inda suke kira tsibirai goma sha biyu. Dalilin da yasa nake tura mutanenmu can shi ne abinci ba sai kana tambaya ba, masallaci yana kowane gari, kuma tekun wajen duwatsu da tsibirai sun kewaye shi, ruwan a kwance yake, tsakanin wannan tsibiri da wancan tafiyar awa ɗaya ce ko biyu. Ga wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba babu inda ya fi nan sauƙi.

1. Zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, nan ne daidai. Yuli da Agusta zafi ne kaman me, ga cunkoso, ga tsada, ga iskar nan mai ƙarfi da suke ce wa meltemi tana kaɗawa da rana. Da kaka ta shigo iska ta lafa, Turawa sun koma gida don yara sun koma makaranta, farashi ya sauko, amma teku bai huce ba tukuna, a farkon Oktoba ɗuminsa yana wajen digiri 24 zuwa 25, ka shiga ba ka jin komai.

Gargaɗi: kar arha ta ja ka zuwa Nuwamba. Daga ƙarshen Oktoba ruwan sama yake fara sauka, gidajen abincin da ke cikin lungunan teku suna fara rufewa, wasu kamfanonin ma sun fara fidda jiragensu daga ruwa. Kuma rana tana faɗuwa da wuri, wajen shida da rabi a tsakiyar Oktoba, wannan zai shafi tsarin tafiyarka kowace rana.

2. Biza da tikiti

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ka fara nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma fasfon ya zama da sauran wata shida ko fiye. Takardar da kamfanin jirgin zai ba ka ta shaidar ka kama jirgi, ka haɗa ta cikin takardun neman bizar, ita ce madadin bukin ɗin otal na wannan satin.

Turkish Airlines na tashi daga Abuja da Legas, haka daga Yamai da Akara, zuwa Istanbul, daga nan ka hau na cikin gida zuwa Dalaman, awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga filin jirgin Dalaman zuwa Gocek bai fi minti talatin a mota ba. Shawarata ka iso ranar Juma'a ka kwana a otal, domin hayar jiragen nan daga Asabar zuwa Asabar take, idan jirgin sama ya yi maka latti ko jakarka ta maƙale a Istanbul, ranar da ka biya kuɗinta ce ta tafi, babu mai mayar maka. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu.

Gargaɗi: kar ka biya kuɗin jirgin ruwan duka kafin biza ta fito, sai dai idan ka karanta a yarjejeniyar abinda za su mayar maka in an hana ka.

3. Wane irin jirgi

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Hanya uku ce.

Ta farko, ka karɓi jirgin kai kaɗai ka tuƙa da kanka. Wannan sai kana da lasin irin ICC ko RYA Day Skipper, wasu kamfanonin su ƙara da takardar iya amfani da rediyon jirgi. In ba ka da su ka manta kawai.

Ta biyu, jirgi mai ƙyalle da ke tafiya da iska, tare da kyaftin. Ita ce nake ba kowa shawara. Jirgi ne mai tsawon mita 12 zuwa 14, ɗaki uku ko huɗu, banɗaki biyu, ɗan kicin da firji. Ku ne za ku yi girkinku, shi kuma ya tuƙa, in kuna so ya koya muku riƙe sitiyari da jan igiya. Akwai kuma katamaran, wato mai gindi biyu, ya fi faɗi kuma ba ya karkata gefe idan iska ta bugi ƙyallen, tsofaffi da masu ƙananan yara sun fi jin daɗinsa, sai dai kuɗinsa ya kusa ninki biyu.

Ta uku, gulet, babban jirgin katako irin nasu na gargajiya, da kyaftin da kuku da mai aiki. Ko ku kama shi gaba ɗaya, ko ka kama ɗaki ɗaya ka haɗu da baƙi. Kama ɗaki ɗaya ya fi kowanne arha, amma fa ka sani za ka iya faɗawa cikin matasan da suka zo shaye-shaye da kiɗa har asuba, kai kuma ga ka da iyalinka ba hanyar sauka. Akwai kamfanonin da ke yin tafiya babu giya, ka tambaya a rubuce kafin ka biya.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: kyaftin ma mutum ne, ɗaki ɗaya nasa ne. Jirgi mai ɗaki huɗu yana nufin uku naku, mutum shida kenan. In an rubuta maka "yana ɗaukar mutum goma" to har da masu kwana a kujerar falo aka lissafa. Sannan ciyar da shi a kanku yake, ko a jirgi ko a gidan abinci.

4. Kuɗi

Da yuro ake lissafi, kuma farashi na canzawa kowace shekara, don haka wannan kiyasi ne don ka san inda ka dosa. Jirgi mai ɗaki uku zuwa huɗu a Oktoba yana kamawa daga wajen yuro 2,000 zuwa 3,500 a sati, gwargwadon sabuntarsa. Kyaftin wajen 150 zuwa 200 kowace rana. Sai takardar izinin yawo da suke ce wa transit log haɗe da kuɗin wanke jirgi, wasu ɗaruruwa ne. Sai man dizal, wanda ba shi da yawa tunda tafiyar gajera ce, sai cefane, sai kuɗin kwana a marina, wato tashar ɗaure jiragen ruwa, in kun shiga, sai tukuicin kyaftin a ƙarshe, kashi biyar zuwa goma na kuɗin haya ake saba bayarwa. In kun haɗa ku shida, kowa ya shirya wajen yuro 1,000 banda tikiti da biza, ba za ku sha kunya ba.

Yawanci rabi ake biya kafin alƙalami, sauran rabin sati huɗu zuwa shida kafin tafiya.

Gargaɗi: akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa ranar karɓar jirgi saboda ɓarna, daga wajen 1,500 zuwa 3,000, kuma a kan kati suke riƙe shi. Katin naira kar ma ka dogara da shi, ka je da katin asusun dala ka tabbatar kuɗin na ciki. Wasu kamfanonin suna yarda ka biya wani ɗan kuɗi da ba ya dawowa a madadin ajiyar, a ganina ga sabon shiga wannan ya fi kwanciyar hankali. Kuma duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba na kamfani ba, ka gudu.

5. Kayan da za a ɗauka

Jaka mai laushi wadda ake naɗewa, ba akwati mai taya ba, babu inda za ka ajiye shi a ɗakin, da shi za ka kwana a kan gado. Takalmi mai farin roba a ƙasa don baƙi yana zana wa jirgi layi, da takalmin shiga ruwa saboda akwai wani abu baƙi mai ƙayoyi da ke manne a duwatsu, in ka taka shi hutun ya lalace. Rigar sanyi ɗaya mai kauri domin da daddare sanyi na sauka sosai. Hula mai igiya, tabarau, maganin jiri da amai, a sha tun kafin a tashi ba sai zuciya ta fara tashi ba. Mata su tanadi kayan iyo masu rufe jiki, ana samunsu da yawa a Turkiyya, amma dogon hijabi mai jan ƙasa a ajiye shi sai an sauka gari, a kan jirgi igiya da ƙarafa na iya kama shi.

'Yan Najeriya ku taho da adafta, soket ɗinsu mai baki biyu zagayayye ne, 'yan Nijar ku naku ya yi daidai. Da fawa bank, don wutar 220 sai an jona a marina. Da buta ta roba. Da yaji, wannan kam ba sai na faɗa ba.

6. Ranar Asabar: karɓar jirgi da cefane

Ba a ba da jirgi sai wajen huɗu ko biyar na yamma, don haka safiyar ta cefane ce. Akwai manyan kantuna kaman Migros da Carrefour a Gocek, suna kai kaya har bakin jirgi. Ruwan sha shi ne kan gaba, ka lissafa aƙalla lita biyu ga kowane mutum kowace rana, ruwan tankin jirgi na wanka da wanke-wanke ne. Nama da kayan miya na kwana biyu kawai za ku saya, firjin ƙarami ne, kuma a cikin lungunan ma akwai jiragen kanti da ke yawo suna sayar da burodi da kayan lambu, sai dai da ɗan tsada.

Lokacin karɓa ka ɗauki waya ka yi bidiyon jikin jirgin gaba da baya, duk ƙarzuwa ka nuna wa ma'aikacin ya rubuta. Ka ƙirga rigunan ceto, kowa ya gwada tasa, na yara a nemi daidai jikinsu tun kafin ku zo. Ka sa a nuna wa kowa, ba kai kaɗai ba, inda abin kashe gobara yake, yadda ake rufe gas, da yadda ake kira a rediyo a tasha ta 16. Lambar gaggawa a waya 112 ce.

Wannan daren a marina za ku kwana. Kar ku matsa wa kyaftin sai an fita cikin duhu.

7. Tsarin hanya

Doka ɗaya ce: tafiyar awa biyu zuwa uku a rana ta isa, kuma kafin ƙarfe huɗu ku kasance kun ɗaure a inda za ku kwana. Jirgin nan gudunsa bai wuce kilomita 10 zuwa 11 a awa ba, wanda ya zana doguwar hanya a taswira har Kas ko Marmaris ya dawo cikin sati, a cikin ƙarar inji zai ƙare hutunsa.

Ga yanda zan tsara. Lahadi a fita zuwa 'yan tsibiran Yassica, ruwan wajen ba zurfi a bakin yashi, nan ne wurin koya wa masu tsoro shiga ruwa da rigar ceto, a ci abincin rana a wuce tsibirin Tersane, wanda ya fi kowanne girma a yankin, mashigarsa siririya ce amma ciki a rufe yake ruf, ga kangwayen tsoffin gidajen Girkawa ga awaki suna yawo. Litinin a bi ta Kizilada mai hasumiyar fitila a shiga Fethiye a kwana, a je kasuwar kifi inda za ka sayi kifinka da kanka ka miƙa wa ɗaya daga gidajen abincin da ke kewaye su gasa maka ka biya ladan gashi. Talata da safe babbar kasuwar Fethiye ke ci, nan za ku sake cefane, rumman da inabi da ɓaure suna kakarsu. Daga nan a nufi tsibirin Gemiler.

Gargaɗi: wannan zangon, zuwa da dawowa, shi ne kaɗai za ku fita buɗaɗɗen teku, igiyar ruwa ta fi girma, masu jiri su sha magani su zauna a waje suna kallon nesa, kar su shiga ɗaki su kwanta ko su riƙa danna waya. In kyaftin ya ce yau ba za a fita ba, ba a musu.

Gemiler ya cancanci wahalar. Tsibirin cike yake da rusassun majami'u na zamanin Rumawan Gabas, ana biyan kuɗin shiga, a hau sama kafin faɗuwar rana. Laraba a leƙa Oludeniz mai tafki a bakin teku, sai dai jirgi ba ya shiga cikin tafkin kansa, daga waje ake tsayawa, masu ƙarfin ƙafa kuma su taka zuwa Kayakoy, garin da ya zama kufai bayan musayar jama'a tsakanin Turkiyya da Girka a 1923. Alhamis a juyo cikin gaɓar Gocek, lungun Hamam ko Kapi ko Sarsala. Juma'a da sassafe a tsaya lungun Bedri Rahmi a ga kifin da mai zanen da aka sa wa wurin sunansa ya zana a jikin dutse, da kaburburan da aka sassaƙa a tsauni, a kama hanyar Gocek.

8. Ɗaure jirgi

Nan ne kyaftin zai buƙaci hannunku, gara ku san abin tun yanzu. Lungunan nan suna da zurfi har kusa da gaɓa, don haka ba sakin anka kawai ake yi ba. Mutum ɗaya yana gaba riƙe da rimot ɗin sarƙa, kyaftin ya ce saki, sarƙa na zuba jirgi na ja da baya a hankali, wani kuma ya shiga ƙaramin kwale-kwalen jirgin da doguwar igiya ya kai gaɓa ya ɗaura a ƙarfen da aka kafa a jikin dutse, sannan a ja igiyar daga jirgi har ta miƙe tsam. Wanda ke gaba kar ya kuskura ya sa hannu ko ƙafa kusa da sarƙar, wanda ke baya kuma ya kula kar igiya ta nutse kusa da farfela, in ta naɗe a nan sai an kira mai nutso kuma daga kuɗin ajiyarku za a cire.

Gargaɗi: ɗaura igiya a jikin bishiya haramun ne a yankin Gocek, wurin yana ƙarƙashin kariyar muhalli, tara ake ci. A wasu lungunan an kafa ƙwallaye a ruwa na ɗaure jirgi, ka tambayi kamfani ranar Asabar yanda ake kama su da kuɗinsu.

Wasu lungunan suna da gidan abinci mai 'yar gadar katako, ɗaurewa kyauta ne amma da sharaɗin a nan za ku ci na dare. Ka tambayi kuɗin kilon kifi a auna a gabanka kafin a ɗora a wuta.

Da safe za ka ji ƙarar ƙaramin inji, wata mata ce da mijinta a kwale-kwale, tana zaune gaban kaskon ƙarfe tana murza ƙullu da siririn muciya har ya zama fale-fale, ta zuba cuku da ganye ta ninke ta miƙo maka da zafinsa, gozleme kenan, ka ajiye 'yan canjin lira saboda ita. Zanzaro kuma suna damu a wannan lokacin da an buɗe zuma ko nama, dabarar mutanen wajen ita ce a zuba busasshen garin kofi a faranti a kunna masa wuta, hayaƙin na korarsu.

9. Ruwa da banɗaki

Tankin ruwan 'yan ɗaruruwan lita ne kawai, ku bakwai har da kyaftin, in kowa ya saki shawa yanda ya saba kwana biyu ya ƙare. Ka jiƙa jiki, ka rufe, ka sa sabulu, ka ɗauraye.

Banɗakin jirgi bututunsa siriri ne, ba a jefa komai ciki, ko tishu, akwai kwandonsa daban. In na hannu ne sai ka juya maɓalli ka buga famfo sau goma ko fiye har ruwa ya wanke, ka mayar da maɓallin ka buge sauran ruwan. A koya wa yara tun ranar farko, toshewa kuɗi ce mai zafi. Ƙazantar tana taruwa a tanki ne, kuma dokar Turkiyya da aka fi sani da Mavi Kart ta hana zubar da ita a teku, dole a je a zuƙe a marina ko a jirgin zuƙa a shigar da shaida. Aikin kyaftin ne amma ka tuna masa kafin Juma'a.

10. Sallah

Alƙibla daga can ba gabas ba ce irin yanda muka saba, kudu maso gabas ce, wajen digiri 145 a kamfas. Jirgin da aka ɗaure gaba da baya ba ya juyawa, amma wanda ke kan anka kaɗai iska na juya shi, ka duba kamfas daf da kabbara. Ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, wannan ma zai rage muku cin ruwan tanki. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun a gida. Don samun Juma'a, ku shiga Gocek kafin sha biyu, azahar wajen ƙarfe ɗaya take, kuma masallacin tafiyar ƙafa ce daga bakin ruwa.

11. Iska

Kowace safiya a duba hasashe, manhajar Windy ko ta hukumar yanayin Turkiyya, MGM. Al'adar wajen ita ce safiya shiru, bayan azahar iska ta taso daga yamma, wato in kuna son a buɗe ƙyalle a kashe inji to da rana ne. Abin tsoro a kaka shi ne iskar kudu, lodos, tana zuwa da hadari da tsawa, lungun da jiya yake lafiya yau ya zama tarko. In an hango ta ku nemi marina tun da wuri ko da za ku biya, kuma duk wanda bai iya iyo ba, da duk yaro, rigar ceto a jikinsa muddin jirgi na tafiya.

12. Mayar da jirgi

Ana so jirgi ya dawo marina Juma'a da yamma, wajen biyar, ku kwana ciki ku fita Asabar da ƙarfe tara. A cika dizal kafin a ɗaure, shigowa da wuri don Juma'a zai raba ku da dogon layin gidan mai na yamma. Mai nutso zai duba ƙasan jirgin, ma'aikaci ya ƙirga kaya, ka tsaya a wurin har a gama, ka karɓi takardar da ke nuna an saki kuɗin ajiyarka, domin banki na iya ɗaukar kwanaki kafin ya dawo maka a kati. Tikitin Dalaman zuwa Istanbul kuma ka saya na bayan azahar ranar Asabar.